Huji Na Shida

"Miƙo hannunka!"

Dogo ya tsaya da rigar wasa a kafaɗa yana kallonta. Ta riga ta murza makullin ɗakin kaya, ta jingina da ƙofar, littafinta rungume a ƙirji.

"Ranki ya daɗe, yau kuma me na yi? Maɓalli na sa a karkace?"

"Na ce miƙo hannunka..."

Ya miƙa. Ta kama yatsunsa ta ɗaga hannun sama, sai agogon ya sulale ya gangaro har kusan gwiwar hannu.

"Ranar da muka fara ɗaukar fim a huji na uku kake ɗaura shi," ta ce. "Satin da ya wuce na huɗu. Yau na biyar, kuma ga shi yana yawo. Wuyan rigar nan da ke shaƙe ka, yanzu yatsuna biyu suna shiga. Me ke damunka?"

"Girkin makaranta ne, Idona. Kowa ya rame."

"Kada ka raina min hankali! Baƙin tabon da ke bayan wuyanka ma girkin ne?"

Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

Wata biyu ke nan da malaminsu ya raba ajin gida biyar, ya damƙa musu wani tsohon wasan kwaikwayo, ya ce kowane rukuni ya mayar da shi fim na minti goma sha biyu. Labarin wani ne da ya bar masoyiyarsa a bakin teku ya tafi, bai dawo ba sai bayan shekara bakwai. Su da ba su da teku, sai suka mayar da shi tashar mota. Dogo ne jarumi. Ita kuwa aka ba ta aikin da kowa ya guje wa, wato lura. Fim ba a jere ake ɗaukarsa ba, don haka dole a sami mai rubuta komai: hannun da ya riƙe jaka, yawan ruwan da ke cikin kofi, maɓalli nawa ne a buɗe. Da haka sunan Mai Littafi ya bi ta. Dogo kaɗai ke ce mata Idona, don ya ce shi bai taɓa ganin wadda ke kallonsa kamar za ta rubuta jarrabawa a kansa ba. Daga tsokana aka koma rakiya, daga rakiya kuma zuciya ta yi abin da ta saba.

Ya zauna a kan akwatin fitilu, ya sunkuyar da kai.

"Ciwon daji ne na jini. Na yi shi ina shekara sha bakwai, shekara biyu ina kwance. Aka ce na warke..." Ya ja numfashi. "Na san alamunsa kamar yadda na san sunana. Ya dawo."

Littafin ya suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi... Mama ta sani?"

"Babu wanda ya sani sai ke. Ke ma ba ni na faɗa miki ba."

"To tashi mu tafi asibiti. Yanzu!"

"Sati uku, Idona."

"Ban gane ba."

"Sati uku ya rage mu gama. In Mama ta ji, gobe war haka ina kan gado, kuma na san gadon nan, ba ya sakin mutum da wuri. Ta ina za su sami wata fuskar? Mu bakwai za mu faɗi." Ya ɗago jajayen idanu. "Tunda nake ban taɓa fara abu na gama ba. Ciwo ne kullum yake gama min. Wannan ɗayan dai... ki bar ni in ga ƙarshensa."

"In ka mutu fa?"

"Haba masoyiya, a sati uku? Ni da na yi shekara biyu ina kokawa da shi?" Ya yi 'yar dariya. "Ranar da Darakta ya ce an gama, da ƙafata zan tafi, ke za ki raka ni. Na yi miki alƙawari."

Ta san kuskure ne. Wallahi ta sani! Lambar mahaifiyarsa na cikin wayarta, dannawa ɗaya ce. Amma ya riƙe hannunta yana roƙo, ita kuma shekarunta ashirin, kuma ba ta taɓa son kowa haka ba. Ta ɗauko ƙusa da guduma daga kayan masu haɗa dandali, ta ɗora fatar agogon a kan benci, ta huda sabon huji tana kuka.

Ta buɗe littafi ta rubuta, don hannunta ya saba: Agogo, huji na shida. Ni na huda.

Daga ranar ta zama mai ɓoye abin da aka sa ta ta gani. Ta ɗinke rigar ta ciki. Ta sa masa singileti biyu. Tabon wuya ta shafe shi da hoda. In numfashinsa ya fara sarƙewa sai ta ɗaga hannu ta ce jakar ba a hannun da ya dace take ba, a dakata ta duba. Darakta ya yi ta tsaki yana cewa, "Mai Littafi, ke kam za ki sa mu tsufa a tashar nan!"

Mutum ɗaya ce ba ta yi tsaki ba, sai kallo. Tauraruwa, wadda ke fitowa a matsayin masoyiyar Dogo a fim, kuma ta so a ce har a wajen fim haka ne. Uwarta aminiyar Mama ce, tun suna yara ake haɗa su da wasa, ita kuwa ba ta taɓa ɗaukarsa wasa ba. Ita ta kai wa Mama labarin cewa wata yarinya ce ta hana shi zuwa gida ƙarshen mako.

Ran nan wayar Mai Littafi ta yi ƙara ana tsakar aiki.

"Ke ce kika riƙe min ɗa?"

"Ina wuni, Mama..."

"Riƙe gaisuwarki. Tun farko ban so karatun fim ɗin nan ba, yanzu kuma wata guda ban sa shi a ido ba. Yaron nan ba kamar sauran yara ba ne, ba ki san wahalar da na sha a kansa ba. Lafiyarsa ƙalau dai ko?"

Ga ƙofar faɗin gaskiya a buɗe. Ga Dogo can gefen motar yana kallonta, yana girgiza kai a hankali.

"Lafiyarsa ƙalau, Mama."

Ranar ƙarshe suka ɗauki rabuwar, wadda ita ce farkon fim. Rana ta take, tashar ta cika da hayaƙi da ihun masu kiran fasinja. Dogo ya sa ƙafa ɗaya a matakalar mota, ya juyo ya ce, "Ki jira ni," kamar yadda aka rubuta. Sau huɗu ana maimaitawa. A na biyar Darakta ya yi tsalle.

"An gama! Jama'a, an gama!"

Aka ɗau tafi. Dogo ya nemo ta da ido cikin mutane, ya ɗaga mata babban yatsa. Sai jini ya ɓalle masa ta hanci, ya jiƙa rigar da ta ɗinke, ƙafar ta zame daga matakala.

"Dogo!"

A rububin ɗaukarsa ta yar da littafin. Ba ta ma tuna da shi ba sai a barandar asibiti, lokacin da Mama ta fito daga ɗakin likita ta nufo ta da waya a hannu. Tauraruwa na biye da ita tana sharar hawaye.

Mama ta juyo mata fuskar wayar. Hoton shafin huji na shida ne, da rubutunta, da kwanan wata. Tauraruwa ce ta tsinci littafin.

"Rubutunki ne?"

"Eh, Mama."

"Ranar da na kira ki, kin riga kin rubuta wannan?"

"...Eh."

Ta zaci mari ne zai biyo baya, har ta runtse ido. Da ma marin aka yi mata, da ya fi sauƙi.

"Likita ya ce da an kawo shi da wuri..." Mama ta kasa ƙarasawa. Ta nuna hanyar fita. "Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan."

Kwana goma sha tara tana zuwa tana zama a bencin da ke wajen ƙofar asibitin, daga safe har la'asar. Darakta ne ke fito mata da labari. Yau ya sha ruwa. Yau bai gane kowa ba. Yau ya farka ya ce a gaya wa Idonsa shi ya sa ta, kuma ya faɗa wa Mama haka, amma Mama ta juya kai.

A kwana na goma sha tara Darakta ya fito. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin ya rufe fuska da hularsa.

Bayan wata guda aka nuna finafinan a babban ɗakin lacca. Ba ta so zuwa ba, malamin ne ya ce dole kowa ya halarta. Ta zauna a layin baya. Har an ja labule sai ta ga wata mata ta shigo ita kaɗai ta zauna a gaba. Mama ce.

Nasu ne na huɗu.

Ga Dogo a matakalar mota, ƙasusuwan kumatu a waje, idanu sun faɗa. "Ki jira ni."

Fim ya ci gaba, sai wani abu ya fara faruwa wanda ko ita mai lura ba ta taɓa hango shi ba. Daga ƙarshen labarin suka faro ɗauka, saboda a makon farko ne kawai aka ba su aron gidan da jarumin zai dawo, suka yi ta komawa baya har zuwa tasha. Yanzu da aka jera komai a muhallinsa, sai ga Dogo yana warkewa a gaban idonsu. Minti biyar, wuyansa ya ciko. Minti takwas, tafiyarsa ta yi ƙarfi. A minti na goma sha biyu ya turo ƙofa da kumatunsa cike, yana wannan dariyar tasa mai girgiza kafaɗa, ya ajiye jaka ya ce:

"Na dawo."

Daga layin gaba aka ji wani irin sauti, ba kuka ba, ba ihu ba. Babu wanda ya iya tafi.

Mutane suka watse da kaɗan kaɗan. Tauraruwa ta je za ta kama Mama, Mama ta zame hannunta ta ce ta je kawai. Sannan ta tako matakalar ɗakin ɗaya bayan ɗaya har layin baya.

Mai Littafi ta zube a kan gwiwoyinta.

"Mama, ki yafe min... don Allah ki yafe min..."

"Ba yau ba." Muryar a dushe take. "Ban san ko yaushe ba. In na kalle ki, wayar nan nake ji."

Sai ta janyo kujerar da ke kusa ta zauna, tana kallon farin allon da babu komai a kansa.

"Sati bakwai na ƙarshe da ɗana ya yi a tsaye, ban gan shi ba. Ke kika gan shi. An ce babu abin da ke wuce ki." Ta goge fuska da bayan hannu. "Tashi ki zauna. Yana cin abinci?"

"Ba sosai ba, Mama."

"Yana dariya?"

"Kullum..."

Mama ta gyaɗa kai, hawaye na zuba, ba ta kalle ta ba.

"Faro daga ranar farko. Kada ki tsallake min ko kwana ɗaya."