Layi na Huɗu

A wani ƙauye kusa da Dutse akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Duk gidansu ita kaɗai ta iya karatun boko. Babanta, Malam Ɗayyabu, ajami ya iya. Don haka kowace takarda ta shigo gidan, ita ake miƙa wa. Har gyara murya take yi kafin ta fara, sai ka ce mai karanta labarai a rediyo.

Wata Laraba ta kai wa Baba fura gonar dabino. Tana isa ta ga ya dafe ƙirji, gumi yana keto masa. Kafin ta ce uffan, ya yanke jiki ya faɗi. Ƙwaryar ta suɓuce mata. Ta yi ta kurma ihu har mutane suka zo.

Kwanansa goma a asibiti. Likita ya ce bugun zuciya ne.

Ranar da ya dawo gida, Baba ya miƙa mata wata takarda. "Likita ya yi bayani da yawa, ban riƙe ba. Ya ce duk yana nan ciki. Karanta mana."

Ta fara. "Ya sha magani a kan lokaci. Ya rage gishiri da mai. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi."

Sai idonta ya sauka a layi na huɗu: "Ya riƙa tafiya a hankali kullum. Ya fara da minti biyar, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan."

Ta tsaya cak. Tafiya? Mutumin da ya zube a kan idonta?

"Ya kika yi shiru?" in ji Inna.

"An ce... an ce ya kwanta, kada ya tashi."

"To, ka dai ji, Malam," in ji Inna.

Baba ya kwanta. Salla a zaune, abinci a kan gado. Masu dubiya suna ta cewa, "Yi kwanciyarka, Malam." Haka aka yi mako uku.

Ranar komawa asibiti, Baba ya nufi ƙofa. Ƙafafunsa suka hau rawa, ya durƙushe a bakin zaure yana haki. Inna ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Dubi yadda ƙafarsa ta kumbura!"

Sai da maza biyu suka ɗauke shi zuwa mota. Yarinyar ta bi su.

A asibiti, wata ma'aikaciyar jinya, Malama Maijidda, ta danna ƙafar Baba. "Malam, minti nawa kake tafiya yanzu?"

"Tafiya kuma? Ai takardarku ta ce in kwanta."

Malama ta saki baki. "Tamu? Wa ya karanta muku?"

Sai yarinyar ta fashe da kuka. "Ni ce. Ni na canza layi na huɗu. Tsoro nake ji kada ya sake faɗuwa."

Inna ta rafka salati. "Ke? Ke da muka yarda da ke?"

Baba ya ɗago ya kalle ta. Kallon nan ya fi mata bulala ciwo.

Malama Maijidda ta jawo ta kusa. "Saurara, 'yata. Doguwar kwanciya tana kashe jiki. Jini ma yana iya daskarewa a ƙafa. Allah ya rufa asiri bai kai nan ba. Tafiyar nan magani ce, kamar ƙwayar da yake sha. In ya ji ciwon ƙirji ko jiri, sai ya tsaya ku kawo shi. Ai da kin tambaya."

Yarinyar ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe," in ji Baba. "Amma daga gobe ke ce 'yar rakiyata."

Suka fara daga ɗaki zuwa zaure. Sai bakin rijiya. Bayan wata biyu, Baba ya taka har gonar dabino da ƙafarsa. Nan yarinyar ta gane cewa maganar likita ba a rage ta, ba a canza ta. In abu ya ba ka tsoro, tambaya ake yi.

Da aka ba su sabuwar takarda, Baba ya sake miƙa mata ita.

"Karanta mana," ya ce yana murmushi. "Duka."

"Duka, Baba," in ji ta. Wannan karon ba ta gyara murya ba, yatsa ta ɗora a kan kowane layi.