Saurayin Bakin Ƙofar Asibiti

Ranar da ta fara ganinsa, ta taso daga aikin jinya ƙafafunta duk sun kumbura. Rumfar gahawarsa na bakin ƙofar asibiti, benci ɗaya da buta a kan wuta. Ta zube a bencin ko sallama babu.

"Sannu Sista, wannan gajiya sai gahawa," ya ce, ya miƙo mata. Tana kallo ya labta wa nasa kofin suga, ya bi da madara mai kauri.

"Kai kuwa gahawa kake sha ko alewa?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, bayan ta kwana biyu ba ta ko murmusa ba. Tun daga nan kullum sai ta biya ta rumfar. Yana ce mata Sistata, tana ce masa Mai Buta.

Da maganar aurensu ta isa gida, Umma ta ce atafau. Shekara da shekaru tana jinyar Abba da ciwon suga, ita ce allura, ita ce wankin ƙafa. Ga shi ta ji ciwon ne ajalin mahaifin saurayin.

"Ciwo a jininsu, kuma ya wuni yana ɗirkar gahawa? Dube ni da kyau, haka kike so ki koma? Ga ɗan yayata mai shagon magani yana ta zarya."

Ana cikin haka rumfa ta rufe, wayarsa ba ta shiga. Ta ɗauka ya ji maganar Umma ya janye. Haka ta dinga jan ƙafa zuwa aiki, ta wuce bencin ba ta ko waiwaya.

Sai ga saƙo: "Sistata, na yi gwaji. Likita ya ce ban kamu ba, amma ina bakin gaɓa. Ba na son ki yi jinya a asibiti, ki dawo gida ki tarar da wata. Ki yafe mini."

Ta daɗe riƙe da wayar kafin ta rubuta: "Mai Buta, ban ce ka yanke mini hukunci ba. Gobe tare za mu koma wurin likitan."

Likita ya ce ba gahawar ce abin tsoro ba, wasu bincike ma na danganta wadda ba suga da raguwar haɗarin, amma ba magani ba ce. Matsalar abin da yake zuba wa gahawar ne, da zama wuri ɗaya, da gadon ciwon.

Wata da watanni yana shan ta da ɗacinta, yana yamutsa fuska, yana takowa da ƙafa daga gida zuwa rumfa. Sakamakon gwaji ya sauka kaɗan. Aka kai wa Umma takardar, ta duba.

Abba ne ya yi magana daga kan gadonsa. "Ni da aka gaya mini, ban ji ba. Wannan yaron ya ji. Ki bar su."

Umma ta share ido da gefen mayafi. "Tsoro nake ji, ba ƙinsa nake ba."

"Ni ma ina ji, Umma. Amma shi nake so."

Aka ɗaura aure ba wani taro mai yawa. Da za a tafi da amarya, Umma ta riƙe hannunta ta dubi angon.

"Ka kula mini da kanka, shi ne kula da ita. Allah ya ba ku lafiya mai ɗorewa, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Umma," suka ce.