Kiɗan Ƙarƙashin Ruwa

Ana dab da magariba Mai Gyara ya tuna bai cire ƙarfen dalma daga wuta ba. Ya riga ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa, dole ya tashi yana tsaki. 'Yarsa, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, har ta riga shi bakin ƙofa, takalminta a juye.

"Ke da ubanki sai ka ce cingam da tafin takalmi," in ji uwar. "Kada ku daɗe, duhu ya kawo kai."

Shagon yana ƙarshen layin masu gyaran waya, a ƙarƙashin wani tsohon bene. Kowa ya rufe ya tafi. Da ya ɗaga ƙofar, warin dalma da ƙonanniyar roba ya tarbe su. Ya zare ƙarfen, ya yi hamdala.

Sana'arsa gyaran na'urorin gem ne, irin na da masu kaset. Yana da wata ɗabi'a da maƙwabta ke masa dariya a kai: ba ya gwada na'ura da talabijin. Sifika kawai yake jonawa, ya rufe ido, ya buga wasan da kunne. Wai na'ura mai ciwo a muryarta ake ganewa. Gaskiyar magana kuwa, son kiɗan ne ke cinsa. Wasannin nan da ɗan mutum ke gudu yana tsallake ramuka, kowane mataki da kiɗansa: na fili daban, na kogo daban, na ƙanƙara daban. In ka yi kuskuren tambayarsa, zai yi ta maka bayani har shayinka ya huce. Yarinyar ma ta gado shi, ido rufe take wasa.

A kan tebur akwai wata baƙar na'ura da kaset a maƙale cikinta. Wani ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ne ya kawo ta, ya ce a rijiyar wani gidan da ake rushewa aka tsamo ta. Mai Gyara ya wanke laka, ya shanya, bai kai ga gwadawa ba.

"Baba, mu ji kiɗanta."

Da a'a ya ce, da ba a yi labari ba. Amma bai iya ce mata a'a ba, kuma shi kansa kunnensa ƙaiƙayi yake. Ya jona sifika. Ta haye kujera, ta riƙe madannin wasan da hannu biyu.

Sarewa ce ta fara, mai tsalle-tsalle, da 'yar ganga tana bin ta a baya. Kiɗan fili ke nan. Mai Gyara ya lumshe ido yana gyaɗa kai, don bai taɓa jin tsohuwar na'ura mai tsabtar murya haka ba. Har ƙamshin ɗanyar ciyawa ya ji, ya ɗauka iska ce ta kawo.

Sarewar ta yi shiru. Ganga mai nauyi ta karɓa, da ɗigar ruwa a tsakani. An shiga kogo. Sanyi ya taso daga siminti ya kama masa idon sawu. Shagon ya cika da warin jemage.

Ya buɗe baki zai ce ya isa.

Sai ya ji tsundum.

Kiɗan ya sauya. Ya yi nauyi, ya yi sanyi, ƙararrawa na bugawa can nesa a hankali. Matakin ruwa ne. Kunnuwansa suka toshe kamar na wanda ya yi nutso. Ya buɗe ido.

Yarinyar na zaune yadda ya bar ta. Kumatunta a kumbure, bakinta a rufe gam. Jelar kitsonta ta tashi sama tana lilo a hankali, alhali ko ganye ba ya motsi a waje.

Ƙirjinta ba ya ɗagawa.

"Mamana?"

Ya fizge wayar daga soket. Kiɗan bai tsaya ba. Ya fizge ta sifika, kiɗan na nan. Ya sunkuya zai ɗauke yarinyar, ta ƙi ɗaguwa, kamar an dasa ta a kujerar. Yatsunta sun ƙage a kan madannin, sanyi ƙalau, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

A irin wannan wasa, in iskar ɗan mutumin ta kusa ƙarewa, wani ɗan sauti ne ke fara ƙirga masa. Mai Gyara ya san shi sarai.

Sautin ya fara. Tik. Tik.

Tsoro ya kama shi, ya durƙusa a bayanta. Babu talabijin, babu abin gani. Ya ɗora manyan yatsunsa a kan nata, ya rufe ido. Abu ɗaya ya sani: in kana nutsewa ƙararrawar dushewa take, in kana tasowa takan washe. Ya danna maɓallin tsalle. Ya ƙara dannawa. Ƙararrawar ta ɗan matso.

A nan ne wani kiɗan ya taso daga ƙasa.

Ba sarewa ba ce, ba ganga ba, bai san sunan abin da ake kaɗawa ba. A duk shekarunsa na sauraro bai taɓa jin abu mai daɗi irinsa ba. Tsikar jikinsa ta tashi, idonsa ya kawo ruwa.

Wani numfashi ya sauka a kunnensa na hagu, mai warin lakar rijiya.

"Bar ta ta sauko," aka raɗa. "Wannan somin-taɓi ne. Ƙarshensa yana ƙasa."

Yatsunsa suka tsaya.

Ya saurara.

Tik-tik-tik-tik.

Kan yarinyar ya faɗo a ƙirjinsa, jiƙe sharkaf.

Wannan ne ya farkar da shi. Ya danne kunnen hagun da kafaɗa, yana neman tsari, ya ci gaba da dannawa. Ɗan mutumin ya bugi wani abu, dum. Rufin dutse. Ya ja dama. Dum. Ya ƙara ja.

"Saura kaɗan ka ji," aka ce. Wani abu mai sanyi ya lashi bayan kunnensa.

Ƙararrawar ta washe. Ta ƙara washewa.

Fatsam!

Sarewa.

Yarinyar ta yi wani irin tari, ta amayo baƙin ruwa da laka a kan wandonsa, ta tsala ihu. Bai taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na ranar ba. Ya suri 'yarsa ya fita a guje, ko ƙofa bai ja ba. Har ya sha kwana yana jin kiɗan nan a bayansa, daga sifikar da ba ta jone da komai.

Da safe ba a taɓa ko sukurudireba a shagon ba, sai na'urar ce babu. Inda take a kan tebur ya jiƙe, kuma bai bushe da wuri ba.

Yarinyar ta warke, ba ta tuna komai, illa ta daɗe ba ta yarda a zuba mata ruwa a ka. Kunnen Mai Gyara na hagu kuwa bai sake jin ko tsawa ba, likita ya leƙa ya ce bai ga komai ba. Yanzu da talabijin yake gwaji kamar kowa, sauti a kashe.

Ya ba matarsa labari tiryan-tiryan, sai abu ɗaya ya tsallake. Duk ranar da yarinyar ta ɗane wuyansa tana cewa babanta ya fi na kowa, sai ya kawar da kai, don shi kaɗai ya san akwai ɗan lokacin da tana nutsewa a hannunsa, shi kuwa ya tsaya sauraron kiɗa, kuma yana jin daɗinsa.