Magini da Rumbun Makauniya

A can wani zamani an yi wani magini mai yaɓe da farar ƙasa. Yakan ƙona farin dutse, ya jiƙa shi har ya yi laushi kamar kindirmo, sannan ya kwaɓa da yashi.

Ana gab da damina, wata tsohuwa makauniya ta kira shi ya yaɓe rumbun geronta.

Yana cikin aiki, farar ƙasa ta yi ƙaranci. Abokinsa ya ce, "Ƙara yashi mana, ai ba ta gani."

Magini ya ce, "Ita ba ta gani, amma ruwan sama yana gani."

Da ya kai bayan rumbu, kwaɓi ya ƙare. Abokin ya ce, "Bar shi haka, ai ba ta gani."

Magini ya ce, "Ita ba ta gani, amma gara tana gani."

Ya koma ya ƙona wani dutsen, ya jiƙa, ya dawo ya ƙarasa.

Ranar da aka yi ruwan farko, tsohuwa ta zagaya rumbun tana shafawa, ta zura hannu ta ji geronta a bushe. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Na ga aikinka."