Furen Hof na Ƙarshe a Sabuwar Jos

Injin Maɗanɗani ya zura siririn bututunsa cikin kofin giya na farko, ya tsotsi ɗigo uku, ya koma na biyu. Baba Istifanus Dung, wanda ya shekara talatin yana dafa giya a masana'antar, ya tsaya yana jiran hukunci.

Hof wani tsiro ne mai yaɗo, furensa ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Ba ya son zafi. Tun da zafi ya mamaye Filato, sai a ɗakin gilashi mai sanyi ake noma shi, kuma lantarkin Sabuwar Jos ɗaki ɗaya kawai yake iya sanyayawa. Iri biyu suka rage, kowanne da kofin giyarsa a gaban injin don ya zaɓi ɗaya. Akwai Farar Shere, tsohon iri mai ƙamshin lemo, mai saurin kamuwa da cuta. Akwai Jarumi, wanda masana suka ƙirƙiro, yana ninka ta yabanya sau huɗu.

"Jarumi," in ji injin.

"Madam, a bar min ko da kunya ɗaya ce ta Farar Shere," Istifanus ya roƙi shugabar masana'antar, Keziya Pam.

"Baba, injin ya ce za ta jawo wa Jarumi cuta. A tuge ta duka, a ƙone."

Shekara uku giya ta wadata. Ɗanɗanonta bai taɓa canzawa ba, mutane kuma suka saba.

A shekara ta huɗu wata cuta mai kama da baƙar ƙura ta bayyana a ganyen. Duk Jarumin da ke ɗakin daga reshen tsiro ɗaya aka dasa shi, saboda haka abin da ya kashe ɗaya ya kashe sauran. Cikin kwana tara ɗakin ya zama busassun igiyoyi. Aka kashe wutar tukwanen giya, aka sallami ma'aikata ɗari biyu.

Keziya ta sami Istifanus zaune a bakin ɗakin gilashin. Ta durƙusa gabansa, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, na san halinka. Ba za ka rasa ɓoye saiwa ko ɗaya a gida ba. Ba wanda zai hukunta ka."

Ya kalli tafin hannunsa.

"Na yi tunanin haka, 'yata. Har na sa ɗaya a aljihu. Sai na ce wane ni in fi injin sani. Na ciro ta, na jefa a wuta."