Mai Amsa Kiran Kamfanin Auduga

Ku matso. Rabi, kashe wayar nan, haskenta na damuna. Kun san Baffa Sallau, wanda kuke dariya don kullum yana fita da tsakar rana? To, yau za ku daina.

Lokacin ba a haife ku ba. Yana aiki a wani kamfanin auduga a Funtuwa, shi ke kula da kwamfuta. Akwai ɗan akwati da ake ce wa modem, haɗe da layin tarho. Idan hedkwata ta kira daga Kano, shi zai ɗauka, ya yi wata irin ƙara mai tsinka kunne, saƙo ya wuce.

Rana ɗaya ya daina ɗauka. Waya ta yi ƙara sau ɗaya, ta yi tsit.

Baffa ya sauya igiya. Ya sauya akwatin. Ya sake saita shi. A banza. Manaja ya ce, "Sallau, in la'asar ta yi bai gyaru ba, kada ka dawo gobe." Ga matarsa, Inna Kulu, da tsohon ciki.

Sai ya jona kan tarho a layin, ya kasa kunne. Kira ya shigo. Kafin akwatin ya motsa, wani ya riga ya ɗauka. Ba magana. Numfashi kawai.

Ya bi wayar, falwaya bayan falwaya, shi kaɗai, rana na tsakar ka. Ba ko akuya a hanya. A bayan gari wayar ta saki, ta kwanta a bakin tsohuwar rijiyar marina da aka daina rini a cikinta. Wata tsohuwa na zaune a wurin, hannuwanta shuɗi. Ba ta da inuwa.

"Sannu, Iya."

Bakinta bai motsa ba. Kan tarhon da ke jakarsa ne ya amsa.

"Kai ne mai akwatin? Kullum ana sallama a ƙofata. In na amsa, sai akwatin ya yi mini ihu a kunne. Haka aka rene ku?"

"A yi haƙuri, Iya. Zan ɗage wayar."

"Ɗage."

Ya hau falwaya, ya ɗaure wayar. Da ya sauko ta ce, a hankali, "Yanzu kuma ba mai yi mini sallama."

Nan fa ya yi kuskuren. Kun san bakinmu wurin bankwana da tsoho, magana ke fita da kanta. Ya ce, "Haba Iya, ai zan riƙa leƙowa."

"Na ji," in ji ta.

Kafin la'asar akwatin ya ɗauki kira. Aiki ya tsira. Aka ba shi ƙarin girma zuwa Kano, ya kai tasha da kayansa, ya shiga mota, sai kan tarhon ya kama ƙara cikin jaka, ba a jone da komai ba. Ya sauko daga mota.

Kamfanin ya rufe tuntuni. An sace wayoyin, falwayoyin sun zama itacen girki. Baffa na nan, bai taɓa kwana a wani gari ba. Ina jin tausayinsa ƙwarai.

Don haka kada ɗayanku ya bi hanyar marina shi kaɗai. In kuma kun ga Baffa ya nufi can, kada ku ce za ku raka shi. Ya fara tsufa, kuma tsohuwar ta fara tambayarsa ko yana da 'ya'ya.