Ƙarfen da Ghali Ya Canza

Yau kwana takwas ɗana Ghali bai yi magana ba. Yana ci, yana sallah, yana kallona da idonsa ƙalau, amma in ya buɗe baki iska ce kawai ke fita. Babansa direban tirela ne, yana hanya. Na ce wa baban a waya mura ce.

Shekarar Ghali ashirin da bakwai. A Al-Sulay yake aiki, unguwar masana'antu a nan ƙasar waje da muke zaune, a wata warsha da suke sassaƙa ƙarfe da inji. Wani dattijo mai tara kayan tarihi ne ya kai masa tsohon garmaho gyara. Ba irin mai faifai ba. Akwatin katako ne da ƙaton ƙaho na tagulla, sautin kuma yana jikin wani abu kamar gwangwanin madara, na baƙin kaki irin na kyandir. Da hannu ake wana shi, gwangwanin ya dinga juyawa, allura tana binsa.

Abin da ya lalace wata siririyar sandar ƙarfe ce mai zare irin na noti, ita ke jan allurar daga farko zuwa ƙarshe. Zaren ya cinye dab da ƙarshe, in allura ta kai nan sai ta tsaya. Har gida Ghali ya kawo min sandar.

"Umma, kin ga abin mamaki? Ƙarfe in ya tsufa ko'ina yake cinyewa. Wannan wuri ɗaya ne. Kamar da magagari aka goge shi."

"To in da gangan aka goge, kai ina ruwanka?"

"Umma ke nan. Gyara aka ce in yi."

Ya sassaƙa sabuwa.

Ran Litinin ta makon jiya muna azumi ni da shi. Ya kira ya ce zai makara, yana ɗaura sandar. Na zuba dambun shinkafa a kula, na ƙulle dabino, na hau tasi daga unguwarmu, Al-Shifa. Ina sauka ana kiran magariba. Masu warsha duk sun ja ƙofofi sun tafi masallaci. Layin ba kowa, sai warin baƙin mai da ƙurar ƙarfe. Ƙofar su Ghali rabi a buɗe, na sunkuya na shiga.

Muka buɗe baki da dabino a tsaye. Na ce mu fara sallah.

"Minti biyu ne, Umma. Wallahi Bahaushe ne a ciki. Yau zan ji ƙarshensa."

Ya wana. Ƙahon ya fara tsiritsiri kamar ana suya a maƙwabta. Sai muryar wani tsoho, can nesa. Hausa irin ta kakanninmu. Yana ba da labarin tafiyar hajji a ƙafa, inda suka kwana, inda ruwa ya ƙare, wanda suka binne a hanya.

Allura tana tafiya a hankali. Ghali ya nuna min da yatsa.

"Nan take tsayawa da," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta wuce.

Tsohon ya yi shiru. Tsiritsirin ma ya ɗauke, amma gwangwanin yana juyawa. Wani sanyi ya fito daga ƙahon, da warin tsohuwar rijiya.

Sai numfashi. Ba na tsohon ba. Wannan kusa yake.

"Assalamu alaikum."

Tas, kamar mutum a bakin ƙofa.

Ni na horar da Ghali kada ya bar sallama ba amsa. Tun yana ƙarami nake ja masa kunne a kan haka.

"Wa alaikumus salam," ya ce, bai ma yi tunani ba.

Ni ma na buɗe baki. Ƙwallon dabino ne ya sarƙe ni, na hau tari.

Daga cikin ƙahon aka ce, "Umma."

Muryar ɗana. Na juya. Yana nan gefena, bakinsa a rufe, ya dafe maƙogwaro.

Ƙahon ya sake cewa, "Umma, ba na gani. Ina kike?"

Sai ɗaya muryar ta dawo, a hankali, ba gaggawa.

"Sallama nake, Hajiya."

Na ciji leɓena don kada in amsa, har na ji gishirin jini. Na cire mayafina na cusa a ƙahon. Na danne sandar da babban yatsa, zaren yana yankata, har abin ya tsaya.

Na ja hannun Ghali. Ban san yadda muka fita ba.

Mun je asibiti. Sun zura masa fitila a wuya, sun ce ba komai. Wani malami ɗan garinmu ya yi masa ruƙiyya kwana uku. Ghali sai hawaye.

Da rana tsaka na koma warshar na ɗauko gwangwanin kawai, na sa a tukunya na rufe, na ɗora a kan sif. Ɗakin ma da AC, amma in na taɓa tukunyar ɗumi gare ta kamar jikin mutum.

Malam ya ce in fasa shi in binne a jeji. Ghali ya rubuta min a waya: "Kada ki fasa, Umma. Ki bari in mayar in sake kunnawa. Wataƙila in fito." Dattijon nan kuma jibi Alhamis zai zo karɓar kayansa, bai san komai ba, gidansa cike da jikoki masu amsa sallama.

In na fasa, muryar yarona tana ciki. In na bari a kunna, ban san wa zai fito ba. Ni karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, kaina ya kulle. Don girman Allah, ku da kuka karanta, in ɗanku ne, me za ku yi kafin Alhamis?